Zinariyar da ke Cikin Katin Gwajin Maleriya: Tambayoyi da Amsoshi kan Launin Ƙwayoyin Nano

Ina koyar da kimiyyar sinadarai a nan Katsina, kuma kusan duk shekara tambayoyi iri ɗaya ne ke dawo mini. Wasu daga ɗaliban da ke binciken kammala karatu, wasu daga ma'aikatan ɗakin gwaji na asibitoci, ɗaya ma daga wani dattijo maƙerin farfaru da muke sahu ɗaya a masallacin unguwa. Na tattara su a nan tare da amsoshin da nakan bayar, saboda wanda bai samu zama da ni ba.

Malam, mece ce ƙwayar nano, kuma a ina za mu gan ta a garin nan?

Ka ɗauki mita ɗaya ka raba ta gida biliyan ɗaya. Kaso guda shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Ƙwayar da faɗinta ke tsakanin nanomita 1 da 100 ita ake kira ƙwayar nano. Ido ba ya ganin guda ɗaya, madubin likita na yau da kullum ma ba ya kama ta, amma in suka taru bila adadin a cikin ruwa, launinsu kan fito sarai.

Duk wanda aka soki yatsarsa da damina aka ɗiga jininsa a ɗan farin katin gwajin maleriya ya riga ya gan su. Jan layin nan da ke fitowa, a yawancin katunan, zinariya ce ta gaske, ƙwayoyi masu faɗin wajen nanomita 40. Haka yake a tsinken gwajin ciki da yawa, da katunan gwajin korona.

Zinariyar da muka sani ruwan ɗorawa ce mai ƙyalli. Ta yaya ta koma ja?

Haske yana da zango, kamar yadda masu sauraron rediyo suka saba jin gajeren zango da matsakaicin zango. Sai dai zangon hasken da ido ke gani ƙanƙane ne ƙwarai: daga nanomita 400 wajen shunayya da shuɗi, zuwa 700 wajen ja, kore yana tsakiya.

A cikin zinariya da azurfa akwai elektaron, wato ƙananan ɓangarori masu caji, da ba su ɗaure da atom guda ba (atom shi ne tubalin da aka gina kowane abu da shi), yawo suke yi a duk faɗin ƙarfen, kuma su ne ke ɗaukar wutar lantarki. In ƙarfen ya ƙanƙance har ya gaza zangon haske, hasken kan ture su gaba ɗaya zuwa gefe guda, atom ɗin da suka baro su jawo su baya, sai abin ya zama lilo. Wanda ya taɓa tura yaro a lilo ya san turi yana da lokaci: in ka dace da shi lilon ya yi sama, in ka saɓa ƙarfinka ya tafi a banza. Kowace ƙwaya tana da zangon da ya dace da lilonta, kuma shi take haɗiyewa. Masana na kiran wannan lilo filasmon. Dunƙulalliyar ƙwayar zinariya mai nanomita 10 zuwa 20 a cikin ruwa tana haɗiye haske wajen nanomita 520, wato kore, abin da ya rage ya iso idonka ja kamar zoɓon da aka tsinka. Azurfa takan haɗiye wajen nanomita 400, shi ya sa ruwanta ke fitowa rawaya.

Masu sana'a sun riga masana ganin abin. A gidan tarihin Birtaniya da ke Landan akwai wani kofin gilashi na Rumawa daga ƙarni na 4, ana ce masa kofin Lycurgus: in haske ya faɗo masa ta gaba kore ne, in aka haska shi ta baya ja ne, saboda ƙwayoyin azurfa da zinariya da ke cikin gilashin. Masanin kimiyya ɗan Ingila Michael Faraday ne ya bayyana a 1857 cewa jan ruwan zinariyar da ya haɗa ƙarfe ne tsagwaro da ya rarrabu ƙanana, kuma har yau kwalabensa na nan a ajiye a Landan. Lissafin abin kuwa Bajamushe Gustav Mie ya fitar da shi a 1908.

To ina ruwan fatar ƙwayar a cikin wannan?

Nan ne zuciyar maganar. A awarwaron zinariya, atom ɗin da ke bisa fata ba su kai a zo a gani ba in aka gwada su da na ciki. Ƙwaya mai nanomita 20 kuwa tana da atom kusan 250,000, kuma wajen 6 cikin 100 a fata suke. In ka sauko kan mai atom 309, wadda ta ɗan haura nanomita 2, guda 162 suna waje. Mai atom 55, guda 42 ne a waje, 13 kawai a ciki. Irin wannan ƙwayar kusan duk jikinta fata ne.

Sannan lilon elektaron ɗin a bakin fata yake juyawa. Kowane zuwa da dawowa, can suke taruwa, kuma ƙarfin da suke haifarwa yana ɓullowa waje da 'yan nanomita. Saboda haka duk abin da ya zauna a wurin, ko ruwa ne, ko gishiri, ko furotin, yana da ta cewa kan saurin lilon. Littattafai da yawa kan tsaya a kan girma da siffa, kuma gaskiya ne su ne manyan masu yanke launi. Amma ƙwayoyi biyu masu girma ɗaya da siffa ɗaya suna iya ba ka launi biyu, in abin da ke manne a bayansu ya bambanta.

Kana yawan cewa ƙwaya tana da riga. Wace riga ce?

Ƙwayar nano ba ta zama tsirara. In an bar ta haka, mannewa za ta yi da 'yan'uwanta nan take. Dole wani sinadari ya lulluɓe ta, shi nake kira riga.

Wadda aka fi sani ita ce sitiret, gishirin tsamin da ke cikin lemun tsami. A 1951 Turkevich da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa in ka tafasa narkakken gishirin zinariya ka zuba sitiret, zai fitar da ƙarfen kuma ya zama rigarsa. Riga ce sako-sako, kowane baƙo na iya tuɓe ta, kuma wannan ne amfaninta ga mai son ya ɗora wani abu daga baya. A 1994 Brust da Schiffrin a Liverpool ta Ingila suka kawo riga mai ɗamewa, ta sinadaran tayol masu ɗauke da farar wuta, dangin waɗanda ke ba tafarnuwa warinta. Farar wuta tana kama zinariya kamun kazar kuku, har a iya busar da ƙwayoyin su zama gari a sake narkar da su ba su lalace ba. Akwai kuma riguna na dogayen sinadarai irin PEG, da masu kama da sabulu irin CTAB, da na furotin.

Na zuba ɗan gishiri a jan ruwan zinariya sai ya koma shuɗi. Me ya faru?

Ka ga abin da Faraday ya gani. Sitiret yana ba kowace ƙwaya cajin lantarki iri ɗaya, mai ragi, don haka suna tunkuɗe juna, kowa na tsaye a nesa. Gishiri in ya narke yakan saki ɓangarori masu caji da ke kewaye ƙwayar su rufe wannan tunkuɗa. Da zarar ta yi rauni sai ƙwayoyin su matso su dunƙule. In tazarar da ke tsakanin ƙwaya biyu ta gaza faɗin ɗayarsu, lilonsu yakan haɗu ya zama ɗaya mai nauyi da jinkiri, sai haɗiyar hasken ta matsa zuwa nanomita 600 ko 700. Yanzu ja ake haɗiyewa, shi ya sa kake ganin shunayya ko shuɗi. Ka lura ba a ƙara zinariya ba, ba a rage ba. Rigar kawai aka karya wa lago.

Iyayenmu mata sun san rabin wannan ilimi. In aka ɗebo ruwan tafki mai laka aka kaɗa alif a ciki, lakar kan dunƙule ta kwanta. Dalilin ɗaya ne, kuma alif ya fi gishirin miya ƙarfi nesa ba kusa ba, domin alminiyon da ke cikinsa caji uku yake ɗauka, na gishirin miya ɗaya. Sinadarin alli da ke ruwan rijiya da na burtsatse caji biyu gare shi. Shi ya sa nake hana ɗalibai ɗauraye kwalabensu da ruwan famfo: ɗan abin da ya rage a jikin kwalba ya isa ya mai da aikin yini guda shuɗi.

Ɗayan rabin kuma yana hannun almajirai. Tawadar allo baƙin gawayi ne ko na tukunya a cikin ruwa, kuma ƙaro ake sa mata don ta kama allo kada kuma baƙin ya yi saurin kwanciya. Ƙaron yana lulluɓe kowace ƙwaya da kauri, ko sun yi karo ba sa mannewa. Richard Zsigmondy, wanda ya samu kyautar Nobel a 1925, ya ƙirƙiro ma'auni a kan wannan, lambar zinariya: miligiram nawa na wani abu ake bukata don hana mililita 10 na jan ruwan zinariya sauya launi in an zuba masa mililita 1 na ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Ƙaro yana bukatar kamar 0.15 zuwa 0.25, sitacin dankalin turawa kuwa sai 25. Duk lokacin da na kai nan a aji nakan ji daɗi ƙwarai, domin abin da ke cikin kurtun kowane gardi a Katsina da Daura yana cikin littattafan kimiyya na duniya da sunansa da lambarsa.

Ashe kamar zoɓo ne da ke canza launi in an sa masa kanwa?

A ido sun yi kama, amma hanyar daban ce. A zoɓo, sinadarin launin ne kansa ke sauya tsari in tsami ya ragu, kuma in ka matsa lemun tsami jan yakan dawo. A zinariya ƙarfen bai sauya ba, tazara ce ta sauya, kuma ƙwayoyin sitiret da gishiri ya dunƙule galibi ba sa rabuwa kuma.

In ƙwayoyin ba su dunƙule ba, riga kaɗai tana iya taɓa launi?

Tana iyawa, sai dai sau da yawa na'ura ce ke gani kafin ido. Na'urar awon haɗiyar haske takan zana maka layi mai tozo kamar na bijimi, kuma abu biyu ake dubawa: inda tozon yake, da faɗinsa.

Kowane abu yana da gwargwadon yadda yake lanƙwasa haske: iska 1.00, ruwa 1.33, gilashi wajen 1.5. In abin da ke kewaye da ƙwaya ya fi lanƙwasa haske, yakan sassauta jan da ke mayar da elektaron, lilon ya rage sauri, tozon ya gusa wajen ja. Furotin ya fi ruwa lanƙwasa haske, don haka in ya hau ƙwayar zinariya tozon kan matsa 'yan nanomita kaɗan daga 520. Masu haɗa katunan gwaji da wannan ɗan motsi suke gane cewa abin da suka ɗora ya zauna.

Riga kuma tana iya ƙara wa ƙarfen elektaron ko ta rage masa. In an ƙara, lilon ya yi sauri, tozon ya koma wajen shuɗi. In an janye, ya koma wajen ja.

Abu na uku shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa. Rigar da ta kama ƙarfe da ƙarfi, irin ta farar wuta, tana satar kuzarin lilon, kamar yaron da ke jan ƙafarsa a ƙasa yana kan lilo. Tozon sai ya gajarta ya baje. Uwe Kreibig da abokan aikinsa a Jamus sun nuna wannan a 1993 da ƙananan ƙwayoyin azurfa, kuma abin yana tsananta ne gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya. Saboda haka in ka ga tozo mai faɗi, kada ka yi gaggawar cewa girman ƙwayoyinka ne ya sha bamban. Yana iya zama haka, yana kuma iya zama rigar.

Ni maƙeri ne. Azurfa tana baƙi in ta daɗe, zinariya ba ta yi. Yana da alaƙa da wannan?

Ƙwarai kuwa, Baba. Baƙin da kuke gogewa a zobe da warwaro haɗuwar azurfa ce da farar wutar da ke cikin iska da gumi. A zobe siririn lulluɓi ne, a goge ya tafi. A ƙwaya mai nanomita 20 wannan lulluɓin yana cin wani kaso na jikinta, sai rawayar ta dushe ta koma ruwan ƙasa, tozon ya faɗi. Iskar da muke shaƙa ma tana cin fatar azurfa a hankali. Azurfa ta fi zinariya kaifin tozo da ƙarfin amsa haske, amma zinariya aka fi sawa a kayan asibiti saboda fatarta ba ta tsatsa. Jan ƙarfe ma yana da nasa lilon, sai dai ya fi su duka saurin lalacewa.

Ina aiki a ɗakin gwaji. Me wannan ilimin zai ƙara mini game da katin maleriya?

'Yar'uwa, zai nuna miki wane ɓangare ne mai rauni. Kowace ƙwayar zinariya a katin an yi mata riga da furotin na garkuwar jiki, wanda ke gane wani furotin na ƙwayar cutar, mafi yawa wanda ake kira HRP2 na falsifarum, nau'in maleriyar da ya fi yawa a nan. Jini da ruwan gwaji su kwashi ƙwayoyin su bi takardar da su. In furotin ɗin cutar yana nan, sai ya zama gada tsakanin zinariyar da wata garkuwar da aka kafa a kan layi, ƙwayoyin su taru a wurin har ido ya gani.

Zinariyar ba ruwanta da zafin Afrilu da Mayu. Rigar ce ke jin jiki, domin furotin yana lalacewa da zafi da laima. Kwalin da aka bari a bayan mota ko ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana, lokacin da zafinmu ke haura digiri 40, yana iya ba da layi mara ƙarfi ko ya ƙi bayarwa. Ki duba iyakar zafin da aka rubuta a kwalin, kada kuma ki farke leda sai za ki yi aiki. Ɗan ruwan da ke zuwa da katin an auna tsaminsa da gishirinsa don rigar ta zauna daidai. In ya ƙare aka musanya shi da ruwan drip, ko na famfo, ko na wani kamfani, ƙwayoyin na iya mannewa inda bai kamata ba su ba da layin ƙarya. Haka karanta sakamako bayan lokacin da aka ƙayyade ya wuce. Wannan yana damuna matuƙa, don yaro ne mai zazzaɓi ke ɗaukar sakamakon.

Na haɗa ruwan ganyen bedi da gishirin azurfa, ya koma ruwan ƙasa. Na samu ƙwayoyin nano ke nan?

Wataƙila, ɗana, amma launin bai isa shaida ba. Wannan hanya ta ganyen bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, da zogale da makamantansu, ta yaɗu a tsakanin ɗalibanmu saboda arha, kuma ba na raina ta. Sinadaran ganye suna iya fitar da azurfa, su kuma zama rigarta. Matsalar ita ce ruwan ganye da kansa yana yin duhu in ya sha iska, gishirin azurfa ma yana baƙi in ya ga rana. Ka ajiye kwalba uku gefe da gefe: ganye kaɗai, gishirin azurfa kaɗai, da haɗin. Ka auna dukansu. In haɗin ne kaɗai ya ba da tozo tsakanin nanomita 400 da 450, to ka fara magana.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne rigar. Ganye ɗaya yana ɗauke da sinadarai barkatai, kuma na damina ba ɗaya yake da na rani ba, na bakin fadama ba ɗaya yake da na tudu ba. Mai sitiret ya san abin da ke bayan ƙwayarsa. Kai sai ka bincika. In ka rubuta cewa ƙwayoyinka sun kashe ƙwayoyin cuta, dole ka nuna ba ruwan bedin ne ya yi aikin ba, ba kuma narkakkiyar azurfar da ta rage ba. Ka wanke ƙwayoyin da na'urar juyi, wadda ke wulwula kwalba har su kwanta a ƙasa, ka rubuta watan da ka tsinko ganyen da wurin, da nauyinsa, da tsawon tafasa, da tsamin ruwan. Aikin da wani ɗalibi a Dutsin-ma ko Daura zai iya maimaitawa ya samu tozo a inda ka samu, shi nake kira bincike.

Ban da katin gwaji, ina kuma ake cin moriyar wannan?

A 1996 da 1997 ƙungiyar Chad Mirkin a Amurka ta yi wa ƙwayoyin zinariya riga da zaren DNA, ta yadda in zaren da ake nema yana cikin ruwan sai ya ɗaure su wuri ɗaya, ja ya koma shuɗi. Dunƙulewar da muke gudu sai ga ta ta zama ma'auni.

Akwai kuma ƙara ƙarfin siginar Raman, hasken da ke nuna tambarin kowane sinadari, wanda Ba'indiye C. V. Raman ya gano a 1928. Raunin siginar ne matsalarsa. A 1974 Fleischmann da abokansa a Southampton ta Ingila suka ga siginar ta yi ƙarfi ƙwarai a kan azurfa mai kaushi, aka kuma gane dalili a 1977. Ƙarin yakan kai ninki miliyan, amma sai sinadarin ya zauna daf da fata. Riga mai kauri takan hana shi isa.

In aka ja zinariya ta zama 'yar sanda, tozo biyu take bayarwa, ɗaya wajen 520, ɗayan can gaba da ja inda haske ke ratsa tsoka. Mostafa El-Sayed, haifaffen Masar, yana cikin waɗanda suka yi fice wajen binciken ƙona ƙwayoyin ciwon daji da zafin irin waɗannan sanduna. Da CTAB ake ƙera su, shi kuwa guba ne ga ƙwayoyin jiki, don haka sai an tuɓe shi an sa PEG kafin a kusanci mai rai.

In ƙwayar ta ci gaba da ƙanƙancewa fa?

Ƙasa da nanomita 2 lilon yakan ɓace, domin elektaron ɗin sun yi kaɗan. Akwai sanannen gungu mai atom 25 na zinariya da tayol 18, wanda halinsa ya fi kama da na sinadari fiye da na ƙarfe. Wasu irin waɗannan gungu in aka yi musu riga da furotin, aka haska su da fitilar da ake duba jabun kuɗi, jan haske suke fitarwa, kuma ƙarfin hasken yana bin irin rigar.

Ana tallar ruwan azurfa na nano a matsayin magani. A sha?

Kada a sha. Azurfa tana da amfani a wasu magungunan shafawa da bandejin ƙuna, amma shanta na dogon lokaci yana tara ta a fata ta koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, kuma ba ta komawa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke tun 1999 cewa ba a tabbatar da amfani ko amincin irin waɗannan kayan ba. Lokacin Ibola a 2014 an yi maganarsa a Nijeriya, daga baya hukumomin lafiya suka ajiye shi.

Ba mu da na'ura a makarantarmu. Akwai abin da za mu iya gwadawa?

Akwai. Ku samo ɗan tocilan leza irin na nuni a allo, ku shiga ɗaki mai duhu, ku haska ta gefen kwalba, kada dai a nufi idon kowa. A ruwan gishiri ko na sukari da aka tace ba za ku ga hanyar hasken ba. A ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyi za ku ga zare miƙe, kamar hasken rana da ya shigo ta ƙofar zaure lokacin hunturu ya bi ta cikin ƙura.

In kun samu jan ruwan zinariya na sitiret, ku raba shi kwalba biyu. Ku jiƙa ƙaro mai tsabta a tataccen ruwa, ku tace da kyalle, ku ɗiga kaɗan a kwalba ɗaya ku bar ta minti 10. Sannan ku ɗiga ruwan gishiri daidai wa daida a duka biyun, kuna ƙirga ɗigo. Ku ɗora farar takarda a bayansu, ku ɗauki hoto da waya bayan kowane ɗigo a wuri ɗaya da haske ɗaya, ku rubuta a ɗigo na nawa kowace kwalba ta fara juyawa.